Fiɗiyar zakara da dandaƙar bunsuru ba aiki ɗaya ba ne

Ɗan'uwa, ka ce zakarunka sun dame ka da faɗa, kana tambaya ko za ka iya yi musu da awartakin da kake dandaƙe bunsuranka. Don Allah kada ka gwada.

Bambancin yana inda gwaiwa take. Ta bunsuru da rago da maraƙi a waje take, hannu yana kai mata. Shi ya sa awartakin Burdizzo, wanda ya ci sunan wani likitan dabbobi ɗan Italiya, yake gama aikin ba tare da yanka ba: a matse jijiyar gefe ɗaya, a koma ɗayan, ba a haɗa su a matsa guda don kada jini ya yanke wa fatar. Cikin 'yan makonni gwaiwar ta motse. Zoben roba da ake ɗaure gwaiwa da shi kuwa na jariran dabbobi ne, har dokar Ingila ba ta yarda a sa shi bayan kwana 7 da haihuwa ba, kuma yana buɗe ƙofa ga cutar sarƙe haƙora idan babu rigakafi. Wuƙa ita ce na fi tsoro lokacin ƙudaje, domin ciwon yakan yi tsutsa.

Zakara fa? Nasa suna can cikin ciki, manne da ƙashin baya, daf da ƙoda. Babu abin matsewa. Sai an hana shi abinci sa'a 12 zuwa 24 hanji ya sauka, a tsaga tsakanin haƙarƙari biyu na ƙarshe, a buɗa, a ciro gwaiwar, wadda a jikin ɗan tsako ba ta fi ƙwayar hatsi ba. Manyan jijiyoyin jini suna nan gefe, kuskure kaɗan tsuntsu ya mutu a hannunka. In aka bar ɗan guntu, sai ya sake tsirowa, zakara ya koma faɗansa. Wani lokaci iska ta taru ƙarƙashin fata ya kumbura. Wannan tiyata ce sosai, kuma yawanci ba a yi masa allurar kashe zafi, abin da ni dai ba ya kwanta mini.

Ga batun shekaru. Tun yana ɗan tsako mai makonni kaɗan ake yi, kafin zanko ya yi ja. Naka da suka riga suka fara cara sun wuce lokaci: gwaiwar ta girma, jini ya yi yawa, kuma ba lallai su daina cara ba.

Ribar ma ba ɗaya ba ce. Taure yana rabuwa da wari, ya yi sanyin hali, ya daina barbarar uwarsa da ƙannensa, ko da yake wanda aka bari yakan fi shi saurin girma. Sai dai a kula, dandaƙe ɗan akuya da wuri sosai yana iya barin hanyar fitsarinsa a tsuke, tsakuwa ta toshe ta daga baya. Fiɗiyayyen zakara kuwa kitse da laushin nama kawai ake nema, kuma sai an ciyar da shi watanni. Kajin gona da ake yankawa a mako 6 ko 7 ba su ma balaga ba balle a yi maganar.

In ni ne kai, bunsuran zan kai wa likitan dabbobi. Zakarun kuwa in zaɓi mafi kyau in bar shi da kaji kamar goma, sauran in ware su inda ba sa ganin mata, ko in rage su.