Gargaɗi kan saƙon bairos na bogi mai ɗauke da lambar waya

Ina jan hankalin duk mai amfani da kwamfuta, a gida ko a shago, game da wata damfara da ke fakewa da sunan manhajar kariya daga bairos. Mutum yana cikin duba wani shafi, galibi na sauke fina-finai ko manhajojin kyauta, sai fuskar kwamfutar ta cika da jan rubutu da tambarin Microsoft ko McAfee ko Norton, a nuna masa kamar ana gudanar da bincike, sannan a ce binciken ya tsaya saboda wani kuskure, kada ya kuskura ya kashe na'urar sai ya kira lambar da ke ƙasa.

Babu wani bincike da aka yi. Shafin intanet ba shi da ikon bincika fayilolin kwamfuta, hoto ne mai motsi ya mamaye burauza, wato manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita. Kamfanin Microsoft da kansa ya bayyana cewa saƙonninsa na kuskure ba sa zuwa da lambar waya.

Ƙanena, wanda ke da shagon buga takardu, ya kira irin wannan lambar. Wanda ya ɗauka ya yi masa magana cikin ladabi, ya sa shi ya sauke AnyDesk, manhajar da masu gyara na gaskiya ke amfani da ita daga nesa, ya kuma sa shi ya karanto masa lambobin da suka bayyana. Nan take ƙanen nawa ya ga kibiyar linzami tana yawo ita kaɗai. Mutumin ya buɗe Event Viewer, inda Windows ke ajiye tarihin abubuwan da ke faruwa a kwamfuta, ya nuna masa jerin alamomi ja da rawaya, ya ce duk ɓarnar bairos ce, alhali kuwa kowace lafiyayyar Windows tana tara irinsu kullum. Sai da aka nemi lambar katinsa na banki da lambar sirrin da za ta shigo wayarsa, wai don sabunta lasisi, sannan jikinsa ya ba shi ya zare wayar intanet. Allah ya tsare kuɗinsa, amma sai da muka kwana muna canza kalmomin sirri.

Kuskure na gaskiya yana fitowa ne a cikin manhajar kariyar kanta, misali Microsoft Defender da ke zuwa kyauta tare da Windows 10 da 11, kuma sau da yawa sanadinsa bai wuce rashin sabuntawa ko girka manhajojin kariya biyu da ke karo da juna ba. Maganinsa a sabunta, a cire ɗaya, a sake binciken.

Idan saƙon bogin ya ƙi rufuwa, a danna Ctrl da Shift da Esc tare, hakan zai buɗe Task Manager, tagar da ke nuna manhajojin da ke aiki, a rufe burauzar daga nan, kuma idan an sake buɗe ta kada a yarda ta dawo da shafukan baya. A shiga saitinta a soke izinin aiko da sanarwa da aka bai wa shafukan da ba a sani ba, domin ta nan saƙon ke sake ɓullowa a gefen allo. Wanda kuwa ya riga ya ba su damar shiga, ya katse intanet, ya cire manhajar, ya canza kalmomin sirri ta wata na'urar dabam, ya sa bankinsa ya toshe katin, sannan ya kai rahoto ga 'yan sanda, ko hukumar EFCC idan a Najeriya yake.