Akwatin Zuba Fila: Yadda Falanki Ya Ba Ni Kunya, Marin Bod Ya Fitar Da Ni

Bayan ambaliyar 2022 da ta cinye gonaki da gidaje a yankinmu na Haɗeja, na ɗau alwashin ba zan ƙara jibge buhun shinkafa a ƙasa ba. Sai na yanke shawarar ɗaga ɗakin ajiyata sama: fila 12 na kankare, kowace inci 9 ta ko'ina, ta taso ƙafa 4 daga kan gindinta, a ɗora manyan katakai a kai, a shimfiɗa daɓen katako. In ruwa ya zo ya bi ta ƙasa ya wuce, ƙwarin gara ma su sha wuya kafin su hau.

Hankalina duk ya tafi kan siminti da rodi. Akwatin da za a zuba kankaren a ciki kuwa ban ɗauke shi a bakin komai ba, tunda abu ne da za a ɓalle a jefar. Na sayi falanki fari mai araha, ɗanye shataf, kafinta ya buga akwati 4 da ƙusa. Kwana biyu a rana suka fara karkacewa. Ranar zubi, kafin a cika na farko gindinsa ya buɗe, ruwan siminti ya riƙa tsiyaya ta mahaɗar katakon. Da muka ɓalle, sai ga fila mai tumbi daga ƙasa, jikinta ramuka kamar saƙar zuma, har ana hango rodi. Rodin da ruwa zai taɓa tsatsa zai yi, in ya yi tsatsa ya kumbura ya tsaga kankaren. Dole muka farfasa ta. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ba kuɗin tsintuwa na zuba ba.

Daga baya na zauna na yi lissafi. Kankare na da nauyin kusan kilo 2,400 a kowace mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi, wato 'yar filar nan tawa ta kai kusan kilo 153. Kuma muddin yana ɗanye, kamar kunu yake, turawa yake yi ta gefe, kuma ƙarfin turin duk a gindi yake taruwa. Mu kuwa mun ɗaure sama da tsakiya, mun bar ƙasa ga ƙusa kaɗai.

Na duba wasu hanyoyin. Akwatin ƙarfe na haya da na samu na filar gida ne, ya yi tsawo da yawa. Kwalin nan mai kamar bututu, Sonotube, da nake gani ana amfani da shi a Amurka, ban same shi a inda na nema ba. Bututun roba mai faɗi yana yi, amma kowace fila sai an saya mata nata, kuma ba ka ganin abin da ke ciki.

Ƙarshe na je kasuwar 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano na sayo marin bod, filawud ɗin nan mai baƙar fuska mai santsi, mai kaurin milimita 18. Falle ɗaya ƙafa 4 ne da ƙafa 8, kuma in an iya yanka yana fitar da akwati 2. Falle 2 na saya. Tsada kam akwai ta, sai da na ja numfashi kafin na biya. Amma akwati 4 ɗin nan su suka zuba min fila 12 a zagaye uku, ba wanda ya motsa.

A wannan karon mun yi wa kowane akwati ɗamara da katako mai inci 2 da 3, ta farko inci 6 daga ƙasa, sauran a tazarar ƙafa ɗaya. Da noti muka ɗaure maimakon ƙusa, don a kwance ba tare da an yage allon ba. Mun shafa baƙin mai a ciki, kaɗan, ba yadda zai taɓa rodi ba. Tsayin filolin kuma da siririn tiyo mai ruwa muka daidaita shi, domin in ɗaya ta fi 'yan'uwanta ko da rabin inci ne, katakon da ke kai zai yi ta rawa. Kwaɓin siminti 1, yashi 2, tsakuwa 4, ana zubawa kaɗan-kaɗan, ana soka guntun rodi, ana bubbuga gefen akwatin da guduma. Bayan kwana 2 muka kwance. Jikin filolin sumul, kusurwa tsaf, ko yaɓe ba su nema ba. Muka naɗe su da jiƙaƙƙun buhuna, ana ba su ruwa har kwana 7.

Aibin marin bod ɗaya da na gani: bakin da zarto ya yanka yana shan ruwa. A zagaye na uku gefen allo biyu ya fara kumbura, da na sani da na shafa masa fenti tun farko. Kuma wanda zai saya ya duba bakin fallen da kyau, akwai mai holoƙo a ciki da ake sayarwa da sunan mai kyau.

Yanzu akwatunan suna wurin maƙwabcina, yana zuba ƙafafun tankin ruwa da su. Na ce masa ya fara shafa fentin kafin ya zuba.