Gwangwanin Leaf ɗan kwatano ko sabuwar ƙwayar LiFePO4? Ga abin da na gani a zafin Sakkwato

Salamu alaikum ƙanena. Kan maganar Mazda MX-5 ɗinka da injinta ya buga kake son mai da ita ta lantarki a gida, da batirin da za ka zuba mata, ko gwangwanayen da ake cirowa daga batirin motar lantarki Nissan Leaf 'yan kwatano ko sabbin ƙwayoyin batirin litiyam da ake kira LiFePO4 irin waɗanda masu sola ke kawowa: ka sayi LiFePO4. Dukkansu biyun na sa kuɗina a kansu a wata tsohuwar Toyota Starlet da na juya a tsakar gidanmu, ɗaya yana cikin motar har yau, ɗayan kuwa ban so ko tunawa da abin da ya ci mani.

Bari in fara da wanda ke cikin motar, wato LiFePO4. Ƙwaya 36 na haɗa a jere, kowace 3.2V ce mai 200Ah, in ka tara sai ka samu wajen 115V da kWh 23 (ma'aunin yawan wutar da batir ke ɗauka ke nan), nauyin kowace bai wuce kilo huɗu da ɗan wani abu ba. Ranar da na san kuɗina bai tafi banza ba, ranar da na kai Inna Wurno ce, ta daɗe tana son ziyarar hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ga shi cikin watan Afrilu ne, lokacin da ko inuwar darbejiya iska mai zafi take hurawa, ga mai ya yi tsada tun da aka cire tallafi a 2023, kowa sai ya yi lissafi kafin ya tada mota. Na yi caji da sola tun ana gobe tafiya, muka fita bayan asuba, ina tuƙi ina kallon zafin batir a wayata gabana yana faɗuwa, don na san abin da gwangwanin Leaf da na fara sawa ya yi mani. Muka isa, muka yi ziyara, muka dawo da rana tsaka, zafin ƙwayoyin ya ɗan hau sama da na waje kaɗan ya tsaya nan, ƙarfin mota bai ragu ba, muka shigo gida da sauran caji mai auki. Inna ba ta san komai kan batir ba, abin da ta ce kawai shi ne wagga mota ba ta da hayaniya, har ta samu ta yi lazimi a hanya ba ƙarar inji. Wallahi wannan maganar tata ta fi mani duk lissafin da na yi a takarda. Tun daga nan kullum ita nake hawa zuwa aiki da kai yara makaranta, in na bi ta a hankali caji ɗaya yana kai ni kilomita ɗari da ɗoriya.

Gwangwanin Leaf kuwa, zan ba shi haƙƙinsa: yana da araha, shimfiɗaɗɗe ne kamar gwangwanin kifi yana shiga kowane lungu, kuma in ka taka yana ba da wuta da ƙarfi nan take. Iyakar yabon da zan yi masa ke nan.

Abin da ya sa na ce haka, ka duba asalinsa. Leaf ta farko ta fito a ƙarshen 2010 da batir mai kWh 24, gwangwani 48 a ciki, kowane wajen 7.5V, kuma ba a yi wa batirin hanyar sanyaya shi da ruwa ba, iska ce kawai ke ɗauke masa zafi. A ƙasashe masu sanyi ya yi lafiya lau, amma tun 2012 masu motar a birnin Finiks na jihar Arizona ta Amurka suka fara kukan batirinsu yana saurin rasa ƙarfi saboda zafi, har daga baya kamfanin ya canza haɗin batirin zuwa mai jure zafi. To mu nan daga Maris zuwa Mayu digiri 40 ba labari ba ne, kwalta kuma ta fi haka, batirin yana ƙasan mota yana shan tururinta. Sannan wanda zai zo hannunka ba sabo ba ne, ya yi shekara goma ko fiye yana aiki a wata ƙasa, ya kwana a juji, ya kwana a kwantena a kan teku. Nawa da na saya, mai sayarwa ya rantse mani da sauran kashi 80 cikin ɗari, da na koyi gwaji daga baya na tarar da ƙyar wasu suka haura rabi, kafin damina ta faɗi guda huɗu sun kumbura har ƙarfen jikinsu ya buɗe. Ba laifin wanda ya ƙera ba ne, tsufa ne da zafi da mutumin da bai ji tsoron Allah ba.

Akwai maganar da za ka ji a bakin mutane, wai LiFePO4 nauyi gare shi, ba ya dacewa da ƙaramar mota ta gudu. Gaskiya ne in ka kwatanta shi da batiran motocin zamani, amma kai ba su za ka saya ba. Gwangwanin Leaf na farko kilo 3.8 ne, sau 48 ka ga ya haura kilo 180, kuma kWh 24 ɗin nan lokacin yana sabo ne. Nawa 36 ba su kai kilo 160 ba, wutarsu kuma cikakkiya. Wato da ɗan kwatano za ka ɗauki nauyi mai yawa don wuta kaɗan. A mota irin taka wannan ba ƙaramin abu ba ne, MX-5 ta farko da ta fito a 1989 duka-duka nauyinta wajen tan ɗaya ne, kuma daɗin tuƙinta yana wajen yadda aka raba nauyin kusan daidai tsakanin gaba da baya. In ka cire inji da lagireto da salansa da tankin mai, sai ka mai da nauyin inda ka cire shi, wasu ƙwayoyin a gaba wajen inji, wasu a gurbin tanki, can ƙasa yadda zai yiwu. Kar ka jibge su duka a but, motar za ta riƙa wutsiya a kwana, ita kuma da ma tayoyin baya ke ja.

Sai maganar gobara, wadda ni ita ta fi damuna don motar a cikin gida take kwana, yara suna wasa a gefenta. Haɗin ƙarfe da fosfet da ke cikin LiFePO4 yana riƙe iskar oksijin ɗinsa da kyau, ba ya saurin sakinta in ya yi zafi, shi ya sa ya fi wuyar kamawa da wuta a kan yawancin sauran nau'in litiyam. Ban ce ba ya lalacewa ba, in ka cika masa caji fiye da 3.65V ko ka huda shi zai kumbura ya fitar da hayaƙi mai cutarwa, amma yana ba ka dama. Babban aibinsa da Turawa ke kuka da shi shi ne ba a cajinsa in sanyi ya kai na ƙanƙara, mu kuwa ko tsakiyar hunturu ba mu san wannan ba.

Wuri ɗaya ne za ka yi hattara, don kai motar gudu gare ka ba Starlet ba. Yawancin ƙwayoyin da aka yi don sola an tsara su ne su riƙa ba da wuta a hankali, mai 200Ah ba ta son ka riƙa jan sama da amfiya 200 na tsawon lokaci, wasu ma rabin haka. Amfiya 200 a 115V kilowat 23 ne, ya ishe ka yawo cikin gari da tafiya a kan titi, amma injin 1.6 da ka cire doki ɗari da wani abu ne, wato sama da kilowat 80. Don haka ka nemi takardar bayanin ƙwayar daga kamfanin da ya yi ta, ka duba nawa take iya bayarwa na 'yan daƙiƙu, ka zaɓi wadda aka yi don motoci da bas-bas, ka kuma saita kwantirola, wato na'urar da ke sarrafa wutar da ke zuwa injin lantarki, kar ta wuce wannan iyakar. Ka bar giyabos ɗinka a jiki, da giya ta biyu da ta uku za ka yi kusan komai, injin lantarki tun daga tashi yake ba da ƙarfinsa duka. Kuma ka tsaya tsakanin 115V da 144V. Injin Leaf ɗin kansa wajen 360V yake so, wannan ƙwaya ɗari da goma sha wani abu ke nan a jere, ba aikin farko ba ne ga mutum a tsakar gida, wutar da ta kai haka ba ta ba da damar kuskure sau biyu.

Yanzu abin da ba ka tambaya ba, amma dole in faɗa maka: masu sayarwa. Harkar sola ta buɗe, kowa ya zama dilan litiyam. Akwai ƙwayoyin da kamfani ya tace ya fitar don ba su kai ba, akwai waɗanda aka ciro daga tsofaffin bas, sai a canza masu shuɗiyar ledar jiki, a goge lambar QR ta asali a buga wata, a ce maka giredi A ne. In mutum ya ɗora mita ya nuna maka 3.3V ya ce ka gani a cike take, bai nuna maka komai ba, LiFePO4 kusan a nan take zama ko da rabi ko da kusan cikakkiya, ko lafiyayya ko gajiyayya. Ka tafi da sikeli ka auna nauyi, in ta gaza abin da takarda ta ce akwai magana. Ka ɗora rula a cikinta ka ga ko ta yi tumbi. Ka duba wajen QR ko akwai alamar kankara, ka duba kan ƙwayar inda ake ɗaura waya ko akwai sawun tsohuwar walda ko noti. Sannan ka zaɓi uku ko huɗu da hannunka, ba wanda ya miƙo maka ba, a yi masu caji a sauke da na'urar gwajin ƙarfi a gabanka ko a wajen wanda ka yarda da shi, ko da zai ɗauki kwana biyu. Wanda ya ƙi gwaji ka bar masa kayansa. Kar ka tura kuɗi duka ga wanda ka gani a Facebook ko WhatsApp don ya turo hoton kwalaye, kuma ka sayi duka lokaci ɗaya daga zubi ɗaya, da rarar guda biyu ka ajiye, don ƙwaya ɗaya mai rauni ita ce ke yanke wa sauran 35 hukunci.

In kuɗi ya ƙare ka jinkirta fenti da kujeru, amma kar ka rage a BMS, wato allon da ke lura da kowace ƙwaya yana yanke wuta in ta cika ko ta yi ƙasa ko ta yi zafi. Na sola mai 48V ba zai yi ba, ka nemi wanda ke ɗaukar yawan ƙwayoyinka. Fis ɗinka ya zama na wutar DC wanda ya kai ƙarfin batirin, ba na gida ba, da makunnin yanke wuta inda hannunka zai kai kana zaune. Mai walda ya gama akwatin tsaf kafin ƙwaya ko ɗaya ta kusanci wurin, a matse su tsakanin faranti biyu da abin da wutar lantarki ba ta bi ta cikinsa a tsakaninsu, don jikinsu alminiyam ne, ga hanyoyinmu da gargada. Ka naɗe sifana da tef, ka cire zobe da agogo. Kuma birki, mutane da yawa suna mantawa: injin fetur ne ke zuƙo iskar da ke sa birki ya yi taushi, in ka cire shi sai ka sa ɗan famfon lantarki a madadinsa, in ba haka ba za ka taka ka ji kamar dutse. In komai ya kammala ka je a gyara maka takardun mota, tunda lambar injin da ke ciki ba ta nan.

Caji kuma a gida za ka dogara. Muna alfahari dai da tashar cajin mota mai amfani da hasken rana da aka buɗe a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 2021, lokacin ɗan garinmu Jelani Aliyu, wanda ya zana motar Chevrolet Volt, yana shugabancin hukumar NADDC mai kula da harkar ƙera motoci ta ƙasa, amma motarka ta kullum a ƙofar ɗakinka za ta sha wuta. Caja mai kilowat 3 tana cika nawa cikin wajen awa takwas in ya yi ƙasa sosai, ni kuma ban bari ya kai can. Da safe nake jona shi a sola ƙarƙashin rumfa, in na dawo daga tafiya da rana sai ya huce kafin in sa caji, lokacin hazo kuma kullum sai an share fanel. Kamfanoni suna rubuta dubban zagayen caji a takarda, amma a digiri 25 suka gwada, don haka inuwa ita ce rabin gyaransa a garin nan.

Ka sayi LiFePO4 sabo, 36 zuwa 45 gwargwadon injin lantarkin da ka samu, kuma kar ka saya sai injin da kwantirola sun zo hannunka ka ga ƙarfin wutar da suke so. Ranar da za ka je duba kaya ka yi mani magana, na'urar gwajina da sikeli suna nan, mu tafi tare. Gwangwanayen nan huɗu da suka kumbura ma na ajiye su a bayan gida cikin yashi, ka zo bayan la'asar ka gan su da idonka, sannan ka karɓi makulli ka zaga da Starlet ɗin.