Rumfar tura wa'azi a kasuwar Maigatari: aikin hannu mai kyau, foldar muhawara kuwa sai an yi hattara

A layin masu cajin waya na kasuwar Maigatari, wadda ke ci ranar Alhamis, akwai wata rumfa da mutanen ƙauyuka ke yi wa layi da memori a hannu. Kwamfuta ɗaya ce da faifan ajiya biyu, da ɗan janareta a bayan rumfa. Ana tura karatun Alƙur'ani, tafsiri, wa'azi, da wata folda da suke kira "Muhawara".

Ta fuskar aiki, yaran sun san sana'arsu. Kafin su taɓa katinka sai sun tambayi irin wayar da za ka saka shi. In ƙarama ce mai madannai, suna yi masa fomatin a tsarin FAT32, su mayar da bidiyo tsarin 3GP, domin irin waɗannan wayoyi galibi su suke iya karantawa, kuma ba sa karanta katin da ya wuce giga 32. Sauti kuma MP3 ne mai 64kbps, wanda awa ɗayansa ke cin kusan mega 29. Ke nan kati mai giga 8 na gaske zai ɗauki fiye da awa 250 na tafsiri. Sunayen fayil ma da lamba suke farawa, 001, 002, don haka darasi ba ya tsallake darasi.

Matsala ɗaya daga katin da suke sayarwa take. A cikin masu araha akwai jabu: waya za ta nuna giga 32, alhali cikinsa bai fi 4 ba. Yana cika sai sabon fayil ya hau kan tsoho, ka isa gida ka tarar rabin karatun ba ya buɗuwa. Maganinsa, kafin ka biya ka ce a buɗe maka fayil na farko da na tsakiya da na ƙarshe a wayarka, ba a kwamfutarsu ba. In kuma foldoji suka koma alamar gajeriyar hanya, kwamfutar ta ɗauki ƙwayar cuta. A goge katin gaba ɗaya a sake.

Inda rumfar ta gaza shi ne foldar muhawara, kuma ita ce matasa suka fi nema. Guntayen bidiyo ne na minti biyu zuwa uku, ba ranar da aka ɗauka, ba sunan wanda ya fassara. Akwai wanda aka sa wa suna "Fafaroma ya zagi Musulunci". Wane Fafaroma? Benedict na 16 ne, a laccar da ya yi a jami'ar Regensburg ta Jamus a Satumbar 2006, inda ya karanto maganar wani sarkin Rumawa na ƙarni na 14. Malamai a duniyar Musulmi sun yi tir da shi, kuma suna da hujja, domin mai irin kujerarsa ya kamata ya auna abin da zai ɗauko. Amma an yanke wurin da ya nuna maganar wani yake karantowa, babu bayaninsa na baya cewa ba ra'ayinsa ba ne, babu ziyararsa masallacin Sultan Ahmad a Istanbul a Nuwamban shekarar. Mutumin ya sauka daga kujera a 2013, ya mutu a ƙarshen 2022. Wanda ya saurara a gindin bishiya zai ɗauka jiya aka faɗa. Takardar zaman tare da Fafaroma Francis ya sa wa hannu da Shehun Azhar, Ahmad al-Tayyib, a Abu Dhabi a Fabrairun 2019 kuwa, ko ɗuriyarta babu a foldar.

Haka ɓangaren mulhidai, wato waɗanda ba su yarda akwai Allah ba. An kawo Bature yana cewa addini ne tushen yaƙi, an kawo mai raddi yana lissafa waɗanda shugabannin gurguzu, Stalin na Tarayyar Soviet da Pol Pot na Kambodiya, suka kashe ba da sunan wani addini ba. Kowa ya jefa wa ɗan'uwansa gawa, shi ke nan. Ba wanda ya tsaya a kan tambayar da ta shafe mu: wa ya ba da umarni, wa ya zuga, wa ya ɗauki makami? Rikicin Maitatsine na Disambar 1980 a 'Yan Awaki da sunan addini aka yi shi, amma malaman Kano sun yi watsi da koyarwarsa, kuma akasarin waɗanda suka mutu Musulmi ne. Irin wannan bayani bidiyon minti biyu ba ya ɗaukarsa.

In an yi wa masu rumfar magana, amsarsu ita ce su ma turo musu aka yi. Wannan ba ya wanke su. Su suka rubuta sunan fayil, su suka zaɓi abin da zai shiga foldar, kuma katin nan har ƙauyukan da Musulmi da Kirista ke cin kasuwa ɗaya yake kaiwa.

Ga mai son tafsirin Ramadan cikakke ko karatun littafi daga bango zuwa bango, rumfar ta isa a je mata, musamman da kati daga gida. Ga muhawara, a nemi cikakken zama na awa ɗaya ko fiye, mai sunan wuri da shekara. Suna da 'yan kaɗan a faifai na biyu, sai dai ba sa fito da su sai an tambaya, don turawarsu tana cin lokaci ranar da layi ya yi tsawo.