Na biya aka yi min ƙiyasin gini kafin in sayi bulo ko ɗaya: ga abin da na gani

Kafin a haƙa harsashin gidana, magina uku na kai filin. Kowa ya zagaya, ya duba zanen, ya faɗi abin da yake ganin ginin zai ci. Na farko ya ce bulo 4,000. Na biyu ya ce 3,500 sun isa har su yi saura. Na uku, dattijon da a ƙarshe shi ya yi min aikin, murmushi ya yi ya ce, "Maigida, ka dai fara sayowa, in sun ƙare sai mu faɗa maka." Wannan magana ta fi sauran biyun tayar min da hankali, domin kuɗin da ke hannuna tarin shekaru ne, ba rijiya ba ce da za a yi ta ja. Shi ya sa na nemi masanin ƙiyasin gini, wato mutumin da sana'arsa ita ce ya ɗauki zanen gida ya lissafa kayan da zai ci da ladan masu aiki, layi bayan layi. Yanzu da muka tare, ina ganin ya dace in faɗi inda kuɗin da na ba shi ya yi rana da inda bai yi ba.

Gidan ba wani babba ba ne: ɗakuna uku, falo, kicin, banɗaki biyu, babu bene, faɗin ƙasarsa murabba'in mita 120. Ladan da mai ƙiyasin ya karɓa bai kai kuɗin ƙofofin ɗakunan ba, amma a ranar ya yi min ciwo, don takarda kawai zan karɓa. Ya ƙara ɓata min rai da ya ce ba zai rubuta adadin rodi ba sai na kawo zanen injiniya wanda ya nuna kaurin rodin da tazararsa a ginshiƙai da linta. Na ce ya kintata mana. Ya ce, "Malam, bulo zan iya ƙirga maka daga wannan zanen, amma rodi ba a cankarsa." Haka na koma na sake biyan injiniya. Bayan kwana 9 ya miƙo min shafi 14, kowane layi da sunan aikin, da ma'auninsa, da yawansa, da farashin ɗaya, da jimla.

Bulo ne ya fara nuna min amfanin takardar. Lissafin ba sihiri ba ne, a gabana ya yi shi. Bulo mai inci 9 da mai inci 6 fuskarsu ɗaya ce, milimita 450 a tsawo da 225 a tsaye, kauri ne ya bambanta su. Ke nan kusan guda 10 ke rufe murabba'in mita ɗaya na bango. Ya auna tsawon bangayen, ya ninka da tsayinsu, ya cire gurbin ƙofofi da tagogi, ya ƙara na harsashi da ɗan abin da zai fashe wajen lodi da saukewa, ya samu 2,950. Da na nuna wa dattijon magini, sai ya ce, "Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima." Na ce Baba, wannan karon mudun za mu bi. Da aka gama, bulo 3,040 aka ci, ƙarin ma ni na jawo shi da na sa aka faɗaɗa sito. Ban ce maginin farko ya yi niyyar cutata ba, wataƙila tsoron kada kaya su yanke ne ya sa ya cika baki. Amma da na bi maganarsa, da na sayi bulo kusan 1,000 a banza, tare da simintin da za a ce sun ci.

Sai rodi, wanda shi ne abin da har yau nake ba mutane labari. A gefen takardar ya rubuta min nauyin kowane iri: mita ɗaya na rodi mai milimita 10 gram 617 ne, na milimita 12 gram 888, na milimita 16 kuma kilo 1 da gram 580. Tunda tsawon sanda ɗaya mita 12 ne, tan ɗaya na mai milimita 12 ya kamata ya ba da sanda 93 ko 94. Ranar da aka sauke min tan ɗaya na ƙirga na samu 110 da ɗoriya, har na fara murna an yi min gyara. Na kira shi ina ba shi labari. Shiru ya yi, sannan ya ce in sa a yanko mita ɗaya cif in ɗora a sikeli. Mai ɗaurin rodi ya yanko, muka ɗora, allura ta tsaya a wajen gram 750. Wannan nauyin rodi mai milimita 11 ne. A ido bambancin milimita ɗaya ba ya ganuwa, amma a ƙarfen da ke cikin sandar an rage kusan kashi 16 cikin 100, kuma ƙarfen ne zai ɗauki nauyin rufi a kan 'ya'yana. Mai kayan ya yi ta rantsuwa shi ma haka aka kawo masa, mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Ya dai kwashe ya canzo. Tun daga ranar ban sake jin zafin kuɗin takardar ba.

Akwai kuma inda takardar ta yi daidai, ni na ɓata. Daɓen ƙasa ya rubuta kankare mai kaurin santimita 15, haɗin awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. Irin wannan haɗi yana cin buhu 6 da 'yan kai, mai kilo 50, a kowace kubik mita. Murabba'in mita 120 a wannan kauri kubik mita 18 ke nan, buhu 114 a lissafinsa. Ranar zubi buhu 114 suka ƙare, saura ɗaki guda da rabin falo ba a taɓa ba, rana ta yi tsaka, leburori suna tsaye da shebur suna kallona. Kankare kuwa ba a barinsa a dawo gobe yadda aka ga dama. Na ruga na ƙaro buhu 20 a farashin da mai shago ya ga dama, don ya ga gaggawa a fuskata. Da mai ƙiyasin ya zo washegari ya tsoma rodi a gefen daɓen, sai ga wani wuri santimita 17, wani 18. Cikon ƙasar da aka yi ne bai daidaita ba, ba a kuma daddaɓe shi sosai ba, sai kankare ya cike ramukan. Ƙarin santimita 2 da rabi kacal a faɗin gidan kubik mita 3 ne, wato buhu 19. Aikin yini ɗaya na lebura biyu da igiya da tiyon ruwa da ya hana wannan, ni kuwa na hana a yi shi don ina ganin tsimi nake yi.

Yanzu ga inda na rage masa maki. Jerin farashi a takardar bai yi wata uku ba ya zama tarihi. A 2022 na fara ginin, shekarar da yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke a watan Fabrairu, makamashi da ƙarfe suka yi tsada a kasuwannin duniya. Siminti kuwa ɗan wuta ne, sai an gasa dutsen farar ƙasa a zafin da ya kai digiri 1,450 kafin a niƙa shi, don haka duk abin da ya taɓa gas ko kwal ko man dizal ya taɓa buhun. Yashi da tsakuwa su ma mafi yawan kuɗinsu na tifa ne, ba na kayan ba. Ya ware min kashi 10 cikin 100 na ko-ta-kwana, amma kafin mu kai linta tashin farashi ya lashe shi. Ba shi ya tayar da farashi ba, na sani. Abin da nake ganin laifinsa shi ne bai rubuta min ɓaro-ɓaro cewa farashin na wannan watan ne kawai ba, alhali ya ji da bakina cewa da albashi zan riƙa ginin, a hankali. Wata 14 aka yi ana aikin.

Tsoron tashin farashin ya sa na yi wata wauta. Na samu wasu kuɗi a dunƙule na zuba su a siminti, buhu 150, na jibge a ɗakin da aka rufa. Ya gargaɗe ni cewa in zan sayi abu in ajiye, in sayi rodi ko kwanon rufi ko tayil, domin siminti yana shan danshin iska ko buhun bai fashe ba, kuma in ya wuce wata uku ƙarfinsa ya fara raguwa. Ban ji ba. Ban ma ɗora su a kan katako ba. Da aka zo filasta bayan wata biyar, layin ƙasa duk ya daskare, wasu sun yi gudaji da ba sa murƙushewa a hannu. Buhu 17 na zubar. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Babban rauninsa dai shi ne ladan masu aiki. Ya lissafa shi da murabba'in mita, yadda ake yi a ofis. Magini kuwa ba da murabba'in mita yake ciniki ba. Ko ya ce a biya shi kullum, ko a kan kowane bulo da ya ɗora, ko a yi jinga daga harsashi zuwa linta. Da na karanta wa Baba abin da aka rubuta na ginin bango, dariya ya yi ya ce, "Wanda ya rubuta wannan ya zo ya ɗora da kansa." Duk hanyoyin uku na gwada. Biyan kullum ya sa aiki ya yi ta jan ƙafa, a zo a makare, a tashi da wuri. Biyan kowane bulo ya sa gudu, har wani bango ya karkace aka rushe layi huɗu, kuma filasta ta ci siminti fiye da ƙima wajen rufe sauran karkatar. Jinga ce ta fi min, amma sai da na raba ta mataki-mataki, ba a biya sai an gama mataki na duba. A nan wata shawarar mai ƙiyasin ta yi amfani: in riƙe kashi 5 cikin 100 na kowace jinga har wata shida bayan kammalawa, kamar yadda ake yi a manyan kwangiloli. Baba ya ji haushi, ya ce shekara 30 yana gini ba a taɓa riƙe masa kuɗi ba. Sai da na lallashe shi, na nuna masa har kafinta da mai wayarin haka na yi musu.

Sannan ga ƙananan abubuwan da ya dunƙule a layi ɗaya da ɗan kuɗi kaɗan, su kuwa suka yi ta tsotsata kullum. Ruwa shi ne kan gaba. Kankare yana buƙatar ban-ruwa aƙalla kwana 7, ba ya kuma kai cikakken ƙarfin da aka tsara masa sai kwana 28. Lambobin nan 32.5 da 42.5 da ke jikin buhu ma ƙarfin da simintin zai kai ne a kwana 28. Bulo na son ruwa, filasta na so, kwaɓi na so. Ga mai gadi, ga masu sauke kaya daga mota, ga hayar katakon hawa, ga ƙusa da wayar ɗauri da ke ƙarewa kullum a lokacin da ba ka nan, ga kwashe ɓaraguzai. Babu ɗaya a ciki mai tsada, amma da na tara su daga littafina sun ninka abin da ya rubuta sau uku.

Kayan ƙarasawa kuwa ban ɗora masa laifi sosai ba. Tayil, ƙofofi, tagogi, silin, fenti, kayan famfo da na wuta, duk matsakaita ya sa, ya kuma faɗa min haka. Ranar da aka buga kwano na ɗauka an ci ƙarfin aiki, ashe kusan rabin kuɗin yana gaba. Kuma a nan ido ke sayayya. Uwargida ta ga wani tayil ta ce shi take so, ni ma na ga wata ƙofa na kasa wucewa. Abu ɗaya da ya dage a kai shi ne in ƙara kashi 10 cikin 100 a kan tayil saboda yanka da fashewa, in kuma saye shi lokaci guda, don in ka koma daga baya launin ba lalle ya zo ɗaya ba.

In da maki zan ba shi, 7 ne cikin 10. Yawan kaya ya ci kusan duka, farashi da ladan aiki ya faɗi. Wanda zai ba ɗan kwangila gini dungurungum ya fi kowa buƙatar irin wannan takarda, don da ita zai gwada abin da aka kawo masa. Wanda zai tsaya a kan aikinsa da kansa kamar ni, ya karɓi takardar ya riƙe jerin adadi, ya bar gurbin farashi ya riƙa cikewa da fensir duk lokacin da zai shiga sabon mataki, ladan aiki kuma ya zauna da maginin su yanke kafin a sa diga a ƙasa. Da zan sake, zan ƙara masa kuɗi ya riƙa zuwa filin, ko sau huɗu ne, musamman kafin zubin kankare. Ban yi haka ba, shi ma bai tallata min ba.

Da wata shidan suka cika, wata 'yar tsaga ta fito a filastar bangon kicin, daga kusurwar taga ta gangaro. Na kira Baba. Ko awa biyu ba a yi ba ya iso da yaronsa da cokalin gini, ya fafe wurin ya cike ya shafe. Yana wanke hannu a bokiti ya ɗago ya ce, "To Maigida, sai a kawo ajiyata."