Na ɗora OpenWrt kan tsohuwar laftof, ga abin da na gani

Wata huɗu ke nan ina amfani da shi a shagona na kafe nan Birnin Kebbi, ɗaliban kwalejin kimiyya da fasaha ta Waziri Umaru su ne yawancin kwastomomina. Rawutar da nake da ita, wato na'urar raba intanet, da mutum goma sun hau sai ta fara shaƙewa, shi ne wani ƙanena ya ce in gwada OpenWrt, wata manhaja ce da ke tafiyar da aikin rawuta, kyauta ne, kuma tun 2004 ake aikinsa. Laftof ɗin Ubuntu ke kanta, muka sa VirtualBox, manhajar da ke ƙirƙirar kwamfuta cikin kwamfuta, muka ɗora shi ciki, RAM 256MB kawai muka ba shi ya tashi lafiya lau.

Gaskiya satin farko na ji daɗi ba kaɗan ba. Akwai abin da ake kira SQM, ka rubuta masa gudun layinka ka ɗan rage, shi ke nan yaro ɗaya mai sauke fim ba ya ƙara kashe wa mai cike fom aiki. Ko an ɗauke wuta batirin laftof na riƙe shi kafin a tada janareta.

Amma ranar wata Litinin wallahi na sha wuya. Shago cike, ana rububin rajista, na fita sallar azahar, yaron shagona ya ga ƙura na shiga sai ya rufe murfin laftof ɗin, shi a ganinsa gyara ya yi. Tana rufuwa ta yi barci, OpenWrt da ke cikinta ya bi ta, intanet ya ɗauke a kowace kwamfuta. Na dawo na tarar wata baiwar Allah ta kai wajen biyan kuɗi shafin ya tsaya, tana ta cewa Malam kuɗina fa, ni kuma na buɗe murfin amma adaftar USB ɗin da wayar intanet ke shiga ta ƙi dawowa sai da na kashe komai na kunna, kusan minti arba'in, mutum shida suka tafi wani shagon. Har yau abin na ci min rai.

Kuma ga zafin Afrilu, fankar laftof ɗin na ta kuka yini guda. Wayafai ɗin laftof ma OpenWrt ba ya ganinsa a cikin VirtualBox, dole tsohuwar rawutar ce ke watsa shi.

Shi OpenWrt ba ni da ƙorafi kansa, zaman haya cikin laftof ne bai yi min ba. Na kashe saitin barcin, amma da na samu kuɗi ƙaramar na'ura zan saya masa shi kaɗai.