Ma'aunin zafi na kunne: abin da na gani bayan wata 14 ina jinyar zazzaɓin 'yata

Na daɗe ina son rubuta wannan sharhi, amma na ƙi gaggawa, don kada in yaba abu ko in kushe shi alhali ban gama saninsa ba. Yau wata 14 ke nan ma'aunin zafi na kunne yana hannuna, kuma ba na jin akwai wani kaya a ɗakina da ya sha aiki kamarsa. Ya kwana ƙarƙashin matashina, ya bi mu asibiti a jaka, sau biyu yana faɗuwa daga kan gado.

'Yata tana da shekara 2 da wata 4 abin ya fara. Da farko ban ɗauke shi a bakin komai ba, domin yaro mai irin waɗannan shekaru yakan yi mura sau 6 zuwa 8 a shekara, kuma kowace na iya zuwa da zazzaɓi. Sai dai wannan ba tari, ba majina. Da yamma tana cikin wasanta sai ta bari, ta zo ta kwanta a cinyata ta yi lamo, kafin dare ya raba jikin ya yi zafi rau, ta ƙi abinci, ko ruwa sai da lallashi. Kwana huɗu ko biyar ana fama, sai ya sauka kamar an ɗauke da hannu, ta tashi garau tana guje-guje. Mu yi hamdala mu manta. Bayan 'yan makonni sai ga shi ya dawo yadda ya zo a baya.

Duk zuwan da ya yi sai mun je asibiti, kuma kusan kullum wani likita daban muke samu. A ɗauki jini a duba zazzaɓin cizon sauro, a ce babu. A leƙa maƙogwaro a ga ya yi ja, a rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ta sha, zazzaɓin ya tafi a kwana na biyar, mu ce maganin ne ya yi aiki. Tambaya ɗaya ce ke kashe mini jiki kowane zuwa: "Zafin ya kai nawa?" Ni kuwa bayan hannuna kawai na sani. Sai in ce, "Likita, ya dai yi zafi sosai." Wata nas dattijuwa ce ta ja ni gefe rannan ta ce, "'Yata, ki nemi ma'auni naki na kanki, kuma duk abin da ya nuna ki rubuta. Hannu ba ya ba da lamba." Allah ya saka mata da alheri, ban sake ganinta ba.

Na fara da ɗan siririn nan da ake sa wa a hammata. Ba shi da laifi, yana aiki, amma sai yaro ya tsaya an matse masa hannu har ya yi ƙara, kuma duk wadda ta taɓa riƙe yaro mai zazzaɓi cikin dare ta san wannan ɗan lokacin ba ƙaramin yaƙi ba ne. Ga shi kuma awon hammata yakan nuna ƙasa da ainihin zafin cikin jiki da kamar rabin digiri. Na aro na goshi, wanda ake haskawa daga nesa, na ga idan ta yi gumi lamba daban, idan an goge lamba daban. Shi ya sa na koma na kunne, wanda ke karanta zafin da ke fitowa daga dodon kunne cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu.

Saurin nan shi ne babban abin da nake yaba masa. Tana barci nake auna ta. Fuskarsa tana da haske, ba sai na kunna fitila ba. Ya dace da hannu, kuma bakinsa bai yi tsini ba, bai taɓa ji mata ciwo ba. Batirinsa sau ɗaya na canza a duk tsawon wannan lokaci, kuma ya nuna alama tun kafin ya ƙare.

Amma makon farko na kusa mayar da shi. Sai in auna ya ce 37.1, alhali yarinya na ci da wuta, in sake ya ce 38.8. Ashe laifin riƙona ne. Ramin kunne ba miƙaƙƙe ba ne, sai an ja kunnen a hankali zuwa baya da sama sannan bakin ma'aunin zai fuskanci inda ya kamata, in ba haka ba bangon ramin yake aunawa. Wannan bayani yana cikin takardar da ke kwalin, amma da rubutu ƙanana ƙwarai, a shafi na can ciki, kuma a ganina abu mai muhimmanci irin wannan a jikin kwalin ya kamata a zana shi ɓaro-ɓaro. Daga baya na gano wasu abubuwan da kaina. Kunnen da ta kwanta a kansa ya fi ɗaya ɗumi, don haka nakan auna na sama, ko in jira kamar minti 15. Dattin kunne idan ya taru yana rage lambar. Kunnen hagu da na dama ba lalle su yi daidai ba, shi ya sa na tsaya a na dama kullum, don awon yau ya yi daidai da na jiya wajen kwatance. Kuma ba a amfani da irinsa ga jaririn da bai kai wata 6 ba, saboda ramin kunnensa ya yi ƙanƙanta. Na faɗi wannan ne don masu jarirai: jaririn da bai cika wata 3 ba, da zarar zafinsa ya kai digiri 38, asibiti ake nufa a lokacin, ba a jiran gari ya waye.

Akwai daren da ba zan manta ba. Wajen ƙarfe biyu na auna ta, sai na ga 102. Gabana ya faɗi, hannuna na rawa na tashi Abbanta ina cewa, "Abban yara, tashi ka gani, tashi!" Ya karɓa ya duba da kyau, sai ya ga ƙaramin harafin da ke gefe ya koma F. Ashe maɓallin ya dannu cikin jaka, ya koma lissafin Faranhait, kuma 102 a can daidai yake da kusan 38.9 a Salshiyos. Maɓalli ɗaya ne ke kunna shi, shi ne kuma ke sauya lissafin idan an daɗe ana danne da shi. Wannan kuskuren ƙira ne, domin uwa mai firgici cikin dare ba ta da natsuwar neman ɗan harafi a lungu. Tun daga ranar na rubuta a bangon littafin da nake ajiye awonta cewa 38 a Salshiyos daidai yake da 100.4 a Faranhait.

Ƙarar da yake yi idan ya gama awo ba a iya kashe ta, kuma ta sha tayar mini da yarinyar da na sha wuya kafin ta samu barci. 'Yan hulunan robar da ake sa wa bakinsa suna ƙarewa da sauri, kuma nawa ba ya aiki sai da su. Fitilarsa kan koma ja idan zafi ya haura, abin da a farko yake ƙara tayar mini da hankali, har sai da na koyi duban yarinyar kafin duban lambar. Yaron da ke kan 39 amma yana shan ruwa yana kallonka ya fi wanda ke kan 38 ya yi laƙwas ba ya amsawa sauƙi.

Babban ƙorafina kuwa shi ne ma'ajiyarsa. Yana riƙe awo tara na baya, amma ba rana, ba lokaci. Ga mai zazzaɓin kwana biyu wannan ya isa. Ga irin matsalarmu, lamba tsirara ba ta da amfani, domin sirrin ciwon a cikin ranakun yake. Dole na sayi ƙaramin littafi na ɗaure shi da ma'aunin da roba. Kowane awo in rubuta rana, lokaci, lamba, maganin da na ba ta da adadinsa, da duk abin da na gani: ta ƙi abinci, ta ce bakinta na ciwo, na ji ƙululu a wuyanta.

Bayan zuwa na biyar, Abbanta ya zauna da littafin da kalanda yana ƙirga kwanakin da ke tsakanin farkon kowane zazzaɓi da na bayansa. Ya samu 26, 28, 25, 27. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Wannan ai kamar agogo ne." Mun yi wata da watanni a cikin abin, amma sai da aka jera shi a takarda muka gani.

Da wannan littafi muka je wurin ƙwararriyar likitar yara. Ta daɗe tana juya shafukan ba ta ce uffan ba, sannan ta ce, "Mama, a tsakanin waɗannan ranakun, lafiyarta ƙalau?" Na ce ƙalau, Likita, har nauyi tana ƙarawa. Ta ce mu dawo ranar da zazzaɓin ya fara. Da muka dawo ta shafa wuyan ta nuna mini kaluluwa a gefe biyu, ta haska maƙogwaro na ga tonsil ɗin, wato 'yan tsokar nan biyu da ke gefe-gefen maƙogwaro, sun kumbura da fari-fari a kansu, ta ɗaga leɓen ƙasa ga 'yan ƙananan gyambuna biyu. Sai na gane dalilin ƙin cin abincin.

Ba ta yanke hukunci a ranar ba, kuma na ji daɗin haka. An gwada fitsari, domin cutar mafitsara a ƙananan yara takan zo da zazzaɓi kaɗai ba wata alama. An shafo maƙogwaro aka duba ko akwai ƙwayar cuta. An auna jini tana cikin zazzaɓi, aka sake aunawa bayan ta warke, aka ga alamar kumburi da ake kira CRP ta hau sosai sannan ta sauko daidai. An bibiyi fararen ƙwayoyin jininta na wasu makonni, saboda akwai wani ciwo da suke raguwa duk bayan kamar kwana 21, shi ma yana kawo zazzaɓi da gyambon baki, kuma ya fi haɗari. Ta tambayi tarihin danginmu saboda zazzaɓin gado irin wanda ya fi yawa a mutanen yankin Bahar Rum. Sai da aka kawar da waɗannan duka sannan ta ambaci sunan: PFAPA.

Haruffan suna nufin zazzaɓi mai dawowa a kan lokaci, gyambon baki, kumburin maƙogwaro da kaluluwar wuya. Wani likita mai suna Marshall da abokan aikinsa ne suka fara bayyana shi a Amurka a 1987, a kan yara 12. Yawanci yana farawa kafin yaro ya kai shekara 5, yana yin kwana 3 zuwa 6, ya dawo duk bayan mako 3 zuwa 6. Ba ƙwayar cuta ce ke kawo shi ba, garkuwar jikin yaron ce ke tashi da kanta, shi ya sa ba a ɗaukarsa, kuma duk magungunan kashe ƙwayoyin cutar da 'yata ta sha ba su ne suka saukar da shi ba, lokacinsa ne ya cika. Wannan ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Abin da ya sanyaya mini zuciya shi ne yaran suna girma daidai, kuma mafi yawansu yana barinsu yayin da suke tasowa.

Ta rubuta mana prednisolone, maganin rage kumburi, sha ɗaya tak a farkon zazzaɓin, gwargwadon nauyin yarinyar. A nan ma'aunin ya nuna mini abin da na daɗe ina roƙon Allah in gani. Ƙarfe shida na yamma 39.6. Ƙarfe tara 38.1. Tsakar dare 37.2, tana barci, goshinta da sanyi. Na zauna a bakin gado ina kallon lambar har hasken ya mutu, na sake dannawa don in tabbatar. Da safe ta nemi abinci da kanta.

Likitar ta riga ta gargaɗe mu cewa maganin yakan sa zazzaɓin ya riƙa dawowa da wuri ga wasu yara, kuma littafin ya nuna hakan ya faru da mu, tazarar ta sauko zuwa kwana 19 ko 20. Ta yi mana bayanin colchicine da ake sha kullum don rage yawan zuwansa, da kuma cire tonsil, wanda ke kawo ƙarshen abin ga yara da yawa. Har yanzu muna shawara.

Ina roƙon duk uwar da ta karanta wannan, don Allah kada ta sayi wannan magani ta ba yaro da kanta saboda alamun sun yi kama. Yana iya rufe cuta ta gaske ta ci gaba da ci a ɓoye. Mu kanmu akwai lokacin da zazzaɓi ya zo kwana 9 kacal bayan na baya, ba kaluluwa, ba gyambo, tana kuka idan za ta yi fitsari. Littafin ne ya sa na ce wannan ba namu ba ne, muka tafi asibiti, aka samu cutar mafitsara. Haka nan sanƙarewar wuya, numfashi da ƙyar, ƙuraje masu duhu da ba sa dushewa idan an danna, jijjigar da ta wuce minti 5, ƙin shan komai, yaron da ya kasa farkawa sosai, ko zazzaɓin da ya kai kwana 5, duk ba na zama ana awo ba ne. Paracetamol kuma da nauyin yaro ake lissafa shi, ba fiye da sau 4 a awa 24 ba, kuma ba a ba yara asfirin.

Idan aka tambaye ni ko zan sake sayen irinsa, zan saya, amma zan nemi wanda ke ajiye rana da lokaci, wanda kuma ake iya kashe ƙararsa. Ga mai yaron da ya haura wata 6 kuma zazzaɓi ke yawan dawo masa, na fi ba da shawararsa a kan na goshi. Na hammatan ma ban yar ba, da shi nake tabbatarwa idan lambar ta ba ni shakka ko kunnenta na ciwo. Littafin farko ya cika, muna shafi na 11 a na biyu, kuma bisa lissafin Abbanta, farkon mako mai zuwa muke sa ran zuwansa. Na riga na duba batir, na ajiye sababbin huluna a jaka.